Irin Kuɓewar Inna Batula

Sunanta Batula, amma shekara goma sha uku ke nan ina auren ɗanta, ban taɓa faɗin sunan da bakina ba. Inna nake ce mata, kamar yadda kowa yake ce mata a gidanmu da ke Tambuwal. Ni sunana Saudat, malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa. Maigidana Abdulhamidu shi ne ɗanta na fari, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ita ma ba ta kama sunansa. In za ta yi maganarsa sai ta ce mini "maigidanki."

An haife ta a wata 'yar tunga a ƙasar Kebbe, kusa da gulbi, gidajen ba su fi ashirin ba. Can ta tashi, can aka yi mata aure da Malam Sambo, manomin gero mai 'yan shanu bakwai zuwa takwas. Ta haifi tara, huɗu suka rayu. Ba ta yi boko ba, karatun allonta ma bai yi nisa ba. Abin da aka san ta da shi garka ce, ɗan lambun da ta kewaye da darnin kara a bayan ɗakinta. Akwai sure, wato yakuwa, da rama da barkono da kabewa, da ɗan fangalin albasa in rani ya shigo, sai kuma kuɓewa, wadda mu nan muke kira guro. Kuɓewar tata gajera ce mai kauri, da ɗan ja-ja a wuya. In an busar da ita aka daka, cokali ɗaya ya isa ya ɗaure tukunya. Wurin mahaifiyarta ta karɓo irin ranar da za a kai ta ɗaki, ta yi shekara talatin da wani abu tana juya shi. Matan tunga kan kawo mata nasu irin ta jefa musu a ramin farko, wai abin da ya fita daga hannunta ba ya kwana a ƙasa.

Malam Sambo ya rasu da kaka, bayan an gama shigar da gero rumbu. Shekara biyu bayan nan zama a tungar ya fara gagara. Sau biyu ana kore shanun mutane. Masu hali suka fara kwashe iyalansu, wasu cikin garin Kebbe, wasu Jabo, wasu nan. Maigidana ya yi ta aike tana ja masa rai, daga ƙarshe ya ɗauki mota ya je da kansa. Ta iso gidanmu ana saura 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka, da akwatin ƙarfe ɗaya, da tabarma, da wani tsohon turmi da ta ƙi bari, da ƙullin zane da ta rungume a cinya tun daga can. Iri ne a ciki, kowane kala a tsummansa, an cuɗe shi da toka.

Maigidana ya riga ya gina mata ɗaki a gefen gida, na bulo, da rufin kwano sabo fil. Silin ne kawai bai samu ya sa ba. Ta shiga ta dubi sama ta dubi ƙasa, ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya ya fita. Yana fita ta leƙa ta taga.

"Ɗiyata, wanga fili na bayan ɗaki, na wa ne?"

"Namu ne, Inna. Nan aka kwaɓa siminti."

"To," in ji ta.

Kwana tara ta yi tana tsince ɓaraguzan bulo da fasassun kwalabe a wurin. Ƙasar ta yi tauri har fartanya na tsalle. Ta yi magana da wata Bafulatana mai kawo mana nono, aka kawo mata busasshen takin shanu buhu biyu. Ta kafa darni da kanta. Daminar farko garkar ta yi abin kirki. Ba kamar ta tunga ba, a faɗarta, amma mun sha miya har mun ba maƙwabta. Da kaka ta zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, ta shanya, ta ɓare, ta cuɗa da toka, ta ƙulle. Sai ta sa na hau turmi na rataye mata ƙullin a katakon rufin ɗakinta, can sama inda ɓera ba ya kaiwa. Haka take yi a tunga tun tana amarya, a ƙarƙashin jinkar ɗakinta.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Ni garkar nan ta ishe ni tun kafin ta cika shekara. Gidanmu babu rijiya, daga gidan maƙwabta muke jawo ruwa. In taso daga makaranta ƙarfe biyu, ƙafafuna sun kumbura don tsayuwa, in buɗe randa in tarar da ita ƙaf, Inna ta kai wa barkono. Alwala ma a bakin fangali take yi don kada ruwan ya tafi banza. Ban taɓa buɗe baki na ce komai ba. Sai dai in ɗauki bokiti in fita, ina jin haushin barkonon kamar mutum.

Damina ta biyu ta zo, aka yi ruwan shuka mai kyau. Ta sauke ƙullinta, ta yi rami arba'in na kuɓewa, ta yayyafa sure da rama. Kwana biyar shiru. Kwana bakwai shiru. A na goma rami shida ne suka nuna kai. Na gan ta durƙushe tana tona sauran da yatsa, tana fito da ƙwayoyin, sun kumbura sun yi baƙi, in ta matsa sai su fashe da wari. Ta ce kaji ne, aka kulle kaji. Ta sake shukawa. Ta ce gara ce, ta barbaɗa toka ko'ina. Ta ce simintin nan ne yake ƙona iri daga ƙasa, maigidana ya sa aka kawo baƙar ƙasa daga fadama cikin amalanke. Ta shuka karo na uku, lokacin har damina ta yi nisa. Abin da ya fito ba ya cika tafin hannu. Da sanyi ya shigo ta gyara fangalin albasa ta yafa irin da ta zo da shi daga tunga. Mako uku tana ban ruwa safe da yamma, ko tsinke ɗaya bai fito ba.

Matan unguwa suka ce baki ne, an cika yaba garkar bara. Inna ba ta yarda da wannan ba. Wata ranar Juma'a da yamma ina tsince shinkafa, tana zaune kusa da ni tana juya hannunta na dama tana kallo.

"Hannun ga ne," in ji ta. "Tun da Malam ya kwanta dama nika jin shi wani iri. Ya bi shi ne. Ni dai anka baro."

"Haba Inna. Bara fa ta yi."

"Bara sauran albarkar tunga ce. Ta ƙare."

Na ci gaba da tsintata. Ɗan abin da ta samu daga tsirarun da suka rayu, shi ma ta ƙulle ta sa na rataye mata a sama. Daga nan ta rage fita bayan ɗaki. Darni ya kwanta ta gefe ɗaya, ba ta tayar ba. Randata ta daina ƙarewa, kuma Allah ya sani na ji daɗin haka, ko da yake ina ganin yadda take wuni a kan tabarma tana kallon bango.

Ana cikin bazara ta gaba, zafi ya kai inda ko kwanciya wahala ce, manhajar ajina ta kawo mu darasin yadda iri ke tsirowa. Kowace shekara abu ɗaya nake yi: in jera wake a jiƙaƙƙen tsumma, in naɗe, in sa a gwangwanin madara, ɗalibai su riƙa buɗewa kullum suna gani. Ranar Juma'a na taho da gwangwanin gida don kada ya bushe kafin Litinin. Ina yayyafa masa ruwa a gindin randa Inna ta zo wucewa da butarta. Ta tsaya.

"Mi ne ne wanga?"

Na warware mata. Waken ya fasa, kowanne da farar saiwarsa.

"Ba ƙasa?"

"Ba ƙasa, Inna. Danshi kawai yake so kafin ya fasa. In mai rai ne zai nuna, in matacce ne ma zai nuna."

Ta daɗe tana kallo. A nan tunanin ya zo mini, na ce me zai hana mu gwada nata, mu ɗebi goma-goma daga kowane ƙulli mu ga nawa za su fasa.

"Ba a ƙirga iri, ɗiyata," in ji ta. "Zubawa aka yi, Allah shi fid da rabo."

Ta wuce. Amma da safe na buɗe ƙofata na tarar da ƙullin a kan dakali. Da sanda ta zaƙulo shi ita kaɗai.

Ranar na aika kasuwa aka sayo mini irin kuɓewa ɗan kaɗan, na bana, wurin masu sai da iri. Na yayyaga tsohon zane na jiƙa. Na ce mata da hannunta za ta jera duka, nata da na kasuwa, ni ba zan taɓa ba. Ta jera tana ƙunƙuni. Muka naɗe, muka sa a kasko, muka rufe da faifai, muka ajiye a gindin randa inda ya fi ko'ina sanyi. Kullum da safe ita ke yayyafa ruwa. Ba ta buɗewa.

Ranar ta bakwai muka buɗe tare. Na kasuwa tara ne suka fasa cikin goma. Suren Inna huɗu. Rama uku. Kabewa babu, albasa babu. Kuɓewarta biyu, su ma saiwar tasu siririya kamar zare.

Ni murna na yi. Na ɗauka na kawo mata sauƙi.

"Kin gani, Inna? Ba hannunki ba ne. Hannun nan ne ya jera na kasuwa, ga shi tara sun fito. Irin ne ya mutu."

Ta ɗauki tsumman kuɓewarta ta shimfiɗa a cinya. Ta taɓa matattun ɗaya bayan ɗaya.

"Da hannun ne da ya fi mani sauƙi," in ji ta. "Hannu nawa ne, in na mutu a rufe mu tare. Wanga iri na uwata ne. Amana ce."

Ranar ba ta taɓa tuwo ba. Na kwana da nadamar bakina.

A layinmu akwai wani dattijo, Malam Ɗangiwa, tsohon malamin gona da ya yi ritaya tun ina 'yan mata. Yini yake a gindin darbejiya a ƙofar gidansa da rediyo. Na nemi izinin maigidana, na aika wa dattijon. Ya zo bayan azahar yana dogara sanda, ya yi sallama, suka gaisa da Inna doguwar gaisuwa irin ta manya, har da tambayar mutanen Kebbe da ya sani lokacin da ya yi aiki can. Na nuna masa tsummokaran. Bai tambayi ƙasa ba, bai tambayi ruwa ba.

"Ina kika aje shi, Inna?"

Ta nuna ɗakinta. Ya nemi izini ya shiga, muka bi shi. Mun riga mun mayar da ƙullin wurinsa. Ya ɗaga kai ya ga tazarar da ke tsakaninsa da kwano ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya sa sandarsa ya sauko da shi, ya riƙe, sai ya miƙa mata.

"Taɓa ki ji."

Ta taɓa. Ni ma na taɓa. Kamar burodin da aka fitar daga tanda.

"Bazara nawa ya yi nan sama?"

"Wanga ɗaya. Na bara ma nan ya kwana."

"To ai gasa shi kinka yi, Inna, ba ajiya ba. Ɗakin jinka sanyi gare shi, kwano wuta ne. Iri abu ne mai rai, barci shika yi. Abin da ba ki iya kwana cikinsa, shi ma ba shi iyawa."

Ya zauna a kan turmi ya yi mana bayani a hankali, yana yi yana hutawa. A shanya iri a inuwa, ba a tsakar rana a kan siminti ba. In ya bushe ƙayau a cuɗa da toka kamar yadda take yi, wannan daidai ne, amma a zuba a tulun ƙasa, a toshe baki, a ajiye ƙasa a kusurwar da rana ba ta duka. Kuɓewa ɓawonta tauri gare shi, a jiƙa ta daga magariba zuwa safiya kafin a shuka, kuma kada ramin ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Albasa kuwa ko an ajiye ta da kyau, in ta haura shekara ba a dogara da ita. Inna tana jinsa kanta a ƙasa. Da ya tafi ta kama hannuna.

"Kada maigidanki shi ji wagga magana. Da wahala ya yi rufin ga. Ba ni son shi ce ɗakin da ya gina mani ne ya kashe."

Na ce to.

Bayan kwana biyu ta ce za ta Kebbe. Akwai ƙawarta Mansura, maƙwabciyarta a tunga, wadda ta sha ba ta irin kuɓewar nan. Ta ji labarin tana cikin gari wurin danginta. Maigidana bai so ba, amma ba ya iya ce mata a'a, sai ya ce in raka ta. Muka tafi ranar Asabar. Mota ta sauke mu a hanya, muka ƙarasa a kan kabu-kabu, ita a tsakiya ni a baya ina riƙe da ita, duk ramin da muka faɗa ina jin numfashinta yana tsinkewa.

Mun sami Mansura a wani ɗaki ɗaya a ƙarshen gidan ɗan'uwanta, ita da jikoki da kayan kwana jibge. Suka rungume juna suka yi kuka, suka yi dariya, suka shiga lissafin mutanen tunga, wane ya rasu, wance tana Sanyinna, su wane ba a san inda suka nufa ba. Mansura ta ce an gaya mata ɗakunan tunga duk sun zube, geza ta tsiro ta cinye garkar Inna. Sai can Inna ta kawo maganar da ta kawo mu.

"Guro?" in ji Mansura. "Wayyo Batula. Dubi inda nike. Ina zan shuka? Shekara biyu ban taɓa fartanya ba. Wanda na taho da shi ɓeraye sunka cinye tun watan farko."

Ta raka mu gida biyu na mutanen tunga. A na farko ba su da komai. A na biyu wata mata ta kawo mana iri a leda, Inna ta zuba a tafi ta duba, ta tambayi yadda 'ya'yan suke. Matar ta ce dogaye ne korra, a kasuwa ta saya. Inna ta yi godiya ta karɓa don kada ta ba ta kunya. Muka dawo gida bayan la'asar. Kwana uku ta yi kwance da ciwon baya, ni ma Litinin da ƙyar na tsaya gaban allo.

Da ta tashi ta kira ni ta zazzage abin da ya rage na kuɓewarta a faifai. Ta ƙirga da kanta, a bayyane. Sittin da uku. Ta ce ba za ta ba ƙasa matattu ta yi ta jira ba, tsumma za ta fara ba su, wanda ya fasa shi za ta shuka. Da ruwa ya zauna ta jiƙa su, ta naɗe, ta rufe. Daga rana ta uku kullum da safe sai ta warware, in ta ga wanda ya nuna fari ta ɗauke shi da tsinke, ta kai shi ramin da ta riga ta haɗa da yashi da tsohon taki, ta rufe sama-sama, ta ɗora 'yar busasshiyar ciyawa don kada rana ta ƙona shi ko ruwa ya daddale ƙasar. In ya ɗago kai sai ta janye ciyawar. Goma sha uku ne suka fasa. Goma suka fito. Wani ruwa mai iska ya kwantar da uku. Akuyar maƙwabta ta sami kafa a darni ta ci biyu, ranar na ga Inna ta ɗauki muciya ta bi dabba har waje, ita da ba ta ɗaga murya. Biyar suka rage.

Shekarar ba wanda ya ci kuɓewar gidan nan. Duk ɗan da ya fito na iri ne. Muna kallonsu suna girma suna tsufa a jikin uwa, mu kuwa muna sayen ta miya a kasuwa. Maigidana ya yi mamaki, amma bai matsa ba. Ashe Malam Ɗangiwa, da bai san da wani alkawari ba, ya tare shi a ƙofar masallaci yana tambayar ko an sauke irin daga jikin kwano. Ya shigo gida. Ya tsaya a ɗakinta da tsakar rana, shi kaɗai, ya daɗe. Ƙarshen wata sai ga kafinta da kwalin silin. Inna ta ɗauka ni na faɗa, ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice, sai da shi da kansa ya gaya mata inda ya ji.

Da kaka ta ɓare kuɓewar a inuwar zaure, ta samu abin da ya kusa cika gwangwani. Ta zuba a ƙaramin tulu da toka, ta toshe bakin da tsumma, ta shafe da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Da bazara ta kusa ƙarewa ita ta tuna mini, ba ni ba. Muka ɗebi goma muka naɗe. Ranar ta bakwai takwas sun fasa, saiwa fara tas mai kauri. Na ɗauka za ta yi guɗa ko kuka. Kallo kawai ta yi, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta miƙa mini tsumman, ta koma kan tabarma ta kwanta, ta yi barci har la'asar.

Kabewar tunga ba ta dawo ba, albasar ma haka. Yanzu sabon irin albasa take sa a sayo mata kowace shekara, kuma ba ya shiga fangali sai ya bi ta tsumma. Suren ya farfaɗo. Labari ya zaga unguwa, kafin damina mata kan shigo da ƙulle-ƙullensu, ta jera musu, ta ce su dawo bayan kwana bakwai. Wadda nata ya fasa uku ko fuɗu, kamar yadda take faɗa, sai ta ce ta cika hannu in za ta shuka, ko ta nemi wani. Tambayarta ta farko ga kowa ita ce inda ake ajiyewa. Wasu na kawo mata goro, wasu sabulu, wasu sannu kawai. Ba ta taɓa cewa ta iya wani abu ba. In an yaba sai ta nuna ni ta ce aikin 'yan boko ne.

Sai dai gwiwoyinta sun gaza. Ba ta iya durƙuso, a kan 'yar kujera take aiki, tana janta daga rami zuwa rami. Ɗaukar bokiti ta fi ƙarfinta, don haka ruwan garka gaba ɗaya ya dawo kaina, safe kafin in tafi makaranta, yamma bayan na sauke tukunya. Akwai ranakun da nake tsayawa a bakin rijiya da guga a hannu in rasa ƙarfin jefawa. Ita ma tana gani. Takan ce, "Sannu, ɗiyata, na ɗora maki." In ce ba komai. Mu duka mun san da komai.

Bana autanta Mu'awiyya zai yi aure bayan babbar sallah. Yana gyaran babura a bakin hanyar Sakkwato, ba shi da halin kama haya, kuma a gidan nan babu sauran wurin da za a yi ɗaki sai bayan ɗakin Inna. Maigidana ya yi mako uku yana juya maganar, ya shiga wurinta ya gaishe ta ya fito bai faɗa ba. Ita ta ɗauke masa. Wata safiya yana shirin fita aiki ta ce mini, shi yana tsaye yana ji, "Ce ma maigidanki shi kira magini. Yaron ga ba shi kai amarya cikin guro."

An sauke bulo ranar Laraba. Magini Aminullahi ya zo ya ja igiya, abin da ya rage na garkar bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Da kanta ta kwance darnin, tana zaune tana zare kara ɗaya-ɗaya, ta tara mini a bakin murhu. Malam Ɗangiwa ya aiko cewa kuɓewa na yi a buhu in an huda ƙasansa, saboda haka ta sa na tattaro tsofaffin buhunan da ke gidan da na maƙwabta. Ƙasar fangalin da ta shekara biyar tana gyarawa ta ce ba za a bar ta ƙarƙashin siminti ba, kwashe ta za mu yi. Ni ke haƙa da shebur, ita ke riƙe bakin buhu. Muna jera su a jikin katanga, hanyar madafa, har sai mutum ya karkace yake wucewa.

Jiya mun cika goma sha ɗaya, saura tara. Ana kiran la'asar ta saki bakin buhun ta ce hannunta ya sage. Na kawo mata man zafi ta shafa a hannu da gwiwa, na zauna a kan bulo ina huci. Ta ce sauran a bar su sai Asabar, ranar da ba ni da makaranta.